Bishiyar Kuka a Bayan Firiji

Duk wanda ya ce maka Jidda tana da sanyi, ka tambaye shi ko ya taɓa kwana a Jos. Abin da mutanen Jidda ke kira sanyi 'yan makonni ne a farkon shekara, lokacin da iskar arewa ke busowa da asuba, sai ka ga manyan mutane da gemunsu sun fito cikin rigunan sanyi har da hular kunne. Da hantsi ya dubi ludayi kuwa, kowa ya tuɓe ya kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Sanyin gaske na garin nan daga inji yake fitowa, kuma ni na san shi, don da shi nake cin abinci. Wani kamfani ne ya ɗauko ni daga Zariya in riƙa kula da injinan manyan ɗakunan sanyi, inda ake ajiye kaji da kifi da kayan marmari. Na zo da niyyar shekara biyu. Haka na faɗa wa matata ranar da zan taho, kuma har ga Allah haka na yi nufi.

Ɗakina yana can sama a wani tsohon bene a unguwar Bagdadiyya, ciki ɗaya da ɗan kicin da banɗaki. Maƙwabtana mutanen kirki ne, ina tsammani, tunda ban taɓa jin faɗansu ba. Sallama ce kawai ke haɗa mu a matakala. Akwai ranakun da in ka cire "na'am" da "halas", wato shi ke nan, na Larabcin wurin aiki, bakina ba ya furta komai sai karatun salla. Ba na son in yi ta zagaye-zagaye: kaɗaici ya dame ni ƙwarai, irin wanda mutum ke kunna famfo ya bar shi yana zuba don dai ya ji motsi a gidan.

Juma'a ce ranar hutuna, kuma ita ce ta fi kowace rana tsawo. Da an sauko daga masallaci sai in tari mota zuwa Mahjar, can kudancin gari, inda wata mata ke sayar da tuwo a wani lungu. Tuwon ba wani abin a-zo-a-gani ba ne, Hausar da ake yi a kan bencin nake zuwa sha. A nan na fara ganin tsohon da na riƙa kira Baba har muka rabu. Siriri ne, baƙi, cikin farar jallabiya da ta sha wanki, hannayensa duk kanta. Yana cin tuwo yana kushe miyar. Wai kukar ta shekara a buhu, ta sha rana ta sha jirgi, babu abin da ya rage mata sai launi. Mai tuwon ta ce in ba ya so ya ajiye mata kwanonta, bai ajiye ba. Ni kuma da shisshigi na ce, to Baba, a Jidda ina mutum zai ga ɗanyen ganyen kuka? Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambayi aikina, na gaya masa.

"Gama ka wanke hannu, Injiniya," in ji shi. "Yalla, mu je in nuna maka."

Ɗakinsa na katako ne da kwano, a kan rufin wani bene, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanya. A gefen ƙofar, bisa bulo biyu, akwai wani faffaɗan kasko marar zurfi, a cikinsa kuwa bishiyar kuka. Tsawonta bai wuce daga gwiwar hannuna zuwa yatsu ba, amma kuka ce sosai ba wasa: ga ƙaton ciki, ga fata mai santsi ruwan toka, ga 'yan rassa a barbaje a sama, ga ganye kore shar. Na tsuguna a gabanta. Rabona da ganin kuka a tsaye tun a hanyar Kano, ga ta kuma yau a faranti.

Labarinta bai ba ni shi a rana ɗaya ba, guntu-guntu na tsinta a Juma'o'in da suka biyo baya. Shi mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Gumel. Umra ya zo yana saurayi, bai koma ba, kuma bai taɓa samun iƙama ba, wato takardar zama. Da zai taho mahaifiyarsa ta cusa masa 'ya'yan kuka a jaka, daga bishiyar da ke bayan gidansu, don ya riƙa tsotsa a hanya. Ya tsotsa ya tofar da ƙwayoyin a inda suke zubar da ragowar ruwan shayi, wata rana sai ga ɗaya ta tsiro. Ya sa ta a gwangwanin madara. Daga nan duk inda ya koma da ita yake komawa, kuma marar takarda ba ya daɗewa a ɗaki ɗaya. In ta yi tsawon da ba za ta ɗauku a hammata ba sai ya sare kanta.

Daga baya ya sami aikin lambu a wani katafaren gida a Abhur, bakin teku. Maigidan yana da sha'awar wasu ƙananan itatuwa da ake kawo masa daga ƙasashen waje, a jera su a falo ƙarƙashin mukayyif, in sun mutu a sayo wasu. Wani ɗan Filifin da ke shugabantar masu lambun ya gaya wa Baba sunansu bonsai, ya kuma nuna masa yadda ake yi: a zare itace daga kasko, a datse babbar saiwa, a rage ƙananan, a mayar da shi cikin sabuwar ƙasa mai yashi. Baba ya ce shi ai ya daɗe yana yin bonsai bai san da suna ba, shi a ganinsa rashin tsakar gida ne. Sama da shekara arba'in ke nan yana tare da kukar. Sau ɗaya a shekara, in ganye ya yi yawa, yakan tsinki kaɗan ya yi miyar da ba ta wuce cokali uku ba, ya shanye shi kaɗai. Ni ma da na roƙa ya ce in jira in girma.

Na saba da rufin nan fiye da yadda na sani. Ba wata doguwar hira muke yi ba. Ya dafa shayi, ya zagi mukayyif da masu gyaransa, in rama da cewa mutumin da ke renon itace kamar jariri ba shi da bakin magana. In la'asar ta yi sanyi in kama hanya. Abin da nake jira ke nan tun daga Asabar.

Wata Juma'a, zafi ya fara sauƙi, na tarar ya ɗaure kayansa cikin jaka ɗaya. Hukuma ta ba marasa takarda dama su miƙa kansu a mayar da su gida, shi kuma gwiwoyinsa sun daina hawa matakala, gidan Abhur sun sami matashi. Ya ce ya gaji da kallon bayansa a titi. Jirgi ba zai ɗauki itace da ƙasarsa ba, kuma duk abokansa na Mahjar yau suna nan gobe an kwashe su. Ni kaɗai ya sani mai iƙama da ƙofar da ke kulluwa. Bai tambaye ni ko ina so ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wani ƙunshi, ya warware: rabin harami ne, irin farin tawul ɗin da alhazai ke yafawa, ya tsufa har ya koma ruwan madara. Da shi ya shigo ƙasar. Ɗaya rabin yana cikin jakarsa, ya wanke shi da zamzam, ya ajiye don likkafani. Wannan kuwa na kukar ne, shi take yafawa duk shekara.

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu kamar wanda zai ba ni 'yarsa. Zafin Jidda ba ya yi mata komai, in ji shi, sanyi ne ajalinta. In lokaci ya yi za ta zubar da ganye kaf, ta tsaya kamar busasshen icce, kada in tsorata. Ranar da ganyen ƙarshe ya faɗi in naɗe kaskon da gindin da haramin, in kawar da ita daga taga da iskar asuba. Mukayyif kuwa ko a mafarki. Amma babbar dokar ita ce ruwa. Kuka mai barci in ta sha ruwa cikin sanyi, daga ciki take ruɓewa, ba za ka sani ba sai ranar da ka taɓa ta yatsanka ya nutse.

"Ko ɗigon moya, ruwa nake nufi, kada ka ba ta, Injiniya, ko da ta ba ka tausayi. Za ta ba ka tausayi kuwa. In zafi ya dawo ta yi toho, ka kira ni ka gaya mini. Ba na son wani labari na Jidda sai wannan."

Na ɗauko ta a cinya a bayan tasi, direban yana ta leƙe ta madubi. Bayan 'yan kwanaki Baba ya tafi. Ban raka shi ba, don wurin da ake tara su ba a rakiya.

Da farko abin daɗi ne. Na ajiye ta kusa da taga, na kashe mukayyif, na sayi fanka. Abokan aikina da suka ji sun yi dariya har da riƙe ciki: mai gyaran sanyi yana kwana cikin gumi saboda icce. Ban damu ba. In na buɗe ƙofa da yamma akwai abin da idona ke fara nema, har na kama kaina ina yi mata sallama. Sai ganyen ya fara yin rawaya. Kullum in na dawo sai in tarar da wasu a ƙasa, in tsince su in zuba a kofi, na kasa zubarwa. Ranar da na ƙarshe ya faɗi na naɗe ta kamar yadda aka ce, na mayar da ita lungun da ke nesa da taga. Na ja da baya na dube ta. Farin ƙyalle a naɗe, 'yan rassa tsirara a sama. Ba ta yi kama da abu mai rai ba ko kaɗan.

Ban taɓa sanin hana abu ruwa aiki ba ne sai a lokacin. Duk sanda na yi alwala na fito da jiƙaƙƙen hannu sai in ji kamar in yarfa mata. In na sha ruwa a gabanta sai in ji kunya. Ƙasar kaskon ta bushe ta tsage, ni kuma ba abin da aka yarda in yi sai kallo. Mutum ya sami abu ɗaya tak da zai kula da shi a gari guda, kuma kulawar ita ce ya ƙyale shi.

Matata ta gan ta a waya, wata rana da nake zagaya mata da ɗakin. Ta tambayi mene ne wancan a naɗe kamar gawa, na yi mata bayani tiryan-tiryan, ina jin daɗin bayanin. Ta saurara har na gama, sannan ta ce ai ya yi kyau, mutum ya bar 'ya'yansa a Zariya yana reno a Jidda. Da dariya ta faɗa, ni ma na yi dariya, amma maganar ta kwana da ni. Autarmu a cikin waya ta fara tafiya, a cikin waya ta fara magana. Shekara biyun nan an sabunta ta, an sake sabuntawa, kowane karo da dalilinsa mai kyau.

Baba yana kira duk Juma'a bayan la'asar, da wayar ɗan ƙanensa. Ba ya tambayar lafiyata sai ya gama da tata. Na naɗe ta? Ban ba ta ruwa ba? In danna gindin da babban yatsa, da tauri? In ce da tauri, ya ce madalla. Sannan a hankali labarin gida ya riƙa fitowa. Sa'o'insa duk sun mutu ko sun makance. Yara suna kiransa Alhaji, suna kwaikwayon yadda yake cewa "yalla" da "halas". Sanyin ƙauye ya shiga ƙashinsa, shi da ya manta da irinsa. A kira na uku ko na huɗu ne ya faɗa mini, kamar abin da ya tuna a hanya, cewa babbar kukar bayan gidansu babu ita. An sare ta tun da daɗewa, an yi shaguna a wurin, ba wanda ya ga dalilin gaya masa. Bayan ya kashe na daɗe zaune ina kallon ƙunshin da ke lungu. Na gane ke nan ba ajiyar icce kawai aka ba ni ba: abin da ya rage na bishiyar mahaifiyarsa, da na shekarunsa a Jidda, shi ne wannan, kuma ban ma san ko tana da rai ba.

Ana tsakiyar sanyin sai wurin aiki suka ce in tafi Ɗa'ifa, can kan duwatsu, in yi 'yan makonni ana kafa sababbin injina. Ɗa'ifa kuwa sanyinta ba na wasa ba ne, tafiya da kukar can kisan kai ne. Dole in bar ta. Na zauna a bakin gado ina tunanin wanda zan ba makulli ya riƙa leƙa ta. Na bi mutanen da na sani a Jidda ɗaya bayan ɗaya: shugabana, direban kamfani, mai wanki, mai tuwo. Shekaru a gari, babu mutum ɗaya da zan iya cewa ga makullin ɗakina ba tare da ya yi mamaki ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya faɗa. Sai mai gadin benen, wani dattijo ɗan Yaman mai fara'a, shi kam zai karɓa. Amma na san abin da zai faru. Duk mutumin kirki in ya ga icce a bushe ruwa zai ba shi, ko ka yi masa rantsuwa. Kirkinsa ne zai kashe ta.

Tagar ɗakina ba ta rufuwa sosai, iskar asuba tana shigowa ta ƙasa, kuma a makon nan ta yi ƙarfi. Ina tsaye a kicin ina tunani sai na ji ɗumi a ƙafata daga bayan firiji. Duk injin da ke yin sanyi ta gaba, zafi yake fitarwa ta baya, wannan ko yaron makanike na ranar farko ya sani. Na janyo firijin daga bango, na sa kujera 'yar tsugunne a tsakani, na ɗora kaskon a kai. Ɗumi ne kaɗan, busasshe, ba dare ba rana. Na gyara mata haramin, na rufe ƙofar kicin, na toshe ƙasanta da tsumma. Da zan kulle ƙofar waje na ce mata sai na dawo, da ƙarfi, kuma ban ji kunya ba.

A Ɗa'ifa na ga sanyi. Hazo yana sauka da yamma har ba ka ganin motar gabanka, yatsu su ƙi riƙe sifana. Muna kwana mu shida a ɗaki, kowa da wayarsa da harshensa. Tunanina kullum yana bayan firiji: in aka ɗauke wuta fa, in bututu ya fashe ruwa ya malala fa. Juma'a Baba ya kira, na gaya masa gaskiya, cewa na bar ta ita kaɗai a kulle. Na zaci zai yi faɗa. Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce ai ta saba, ta fi mu iya zaman kaɗaici. Tarin nan bai yi mini daɗi ba. Ranar da na dawo Jidda ban ko ajiye jaka ba na wuce kicin. Firijin yana ta gurnaninsa. Na zura hannu ƙarƙashin ƙyallen na danna gindin, da tauri.

A kiran da ya biyo baya muryarsa ta yi ƙasa sosai. Bayan tambayoyin da ya saba, ya yi ta kewaye-kewaye, abin da ba halinsa ba, sannan ya ce akwai wani mutumin garinsu da ya zo umra, zai biyo ta Jidda ya hau jirgi. In ba damuwa in ba shi rabin haramin nan ya kawo masa. Rabi ɗaya ba ya isar mutum, in ji shi, ko da siriri ne. Na ce Baba wace irin magana ce wannan, ya ce maganar da ta kamata ce, in bar shagwaɓa. Abin da ya dame shi kawai shi ne sanyi bai gama wucewa ba, kada in bar ta tsirara.

Na warware haramin na kakkaɓe ƙasar da ta manne masa. Na so in wanke, na fasa. Na ninke shi na kai wa mutumin a masaukinsu, ya karɓa ya cusa tsakanin dabino da carbi, bai san abin da ya ɗauka ba. Da na dawo na duba ɗakin ban ga abin da ya dace ba, bargona ya yi kauri, zanen gado ya yi shara-shara. Sai na buɗe akwati na ɗauko nawa haramin, wanda na yi umrar farko da shi satin da na sauka a ƙasar, lokacin ina ƙirga watannin komawa. Ya zauna mata daidai. Ina cikin naɗawa na lura hannuwana sun iya, ba sa ko tsayawa tunani.

Sanyi ya wuce kamar yadda yake wucewa a Jidda, rana ɗaya ka tashi ka ji gari ya koma tanda. Na cire mata ƙyallen, na mayar da ita taga, na ba ta ruwa kaɗan kamar yadda aka koya mini. Ba abin da ya faru. Mako ya wuce, wani ya wuce. Kowace safiya kafin in sa takalmi sai in duƙa in bi rassan ɗaya-ɗaya da ido, har da fitilar waya. Kowace Juma'a Baba ya tambaya, yanzu a kwance yake magana, ɗan ƙanen ne ke riƙe masa wayar. Sau da yawa harshena ya ɗauko "ta yi", ya kai bakin leɓe. Wa zai ƙaryata ni? Amma mutumin nan ya ba ni ita ne don ƙofata tana kulluwa kuma maganata ɗaya ce, sai in ce tukuna, Baba. Ya ce to, a ƙara mata haƙuri, wani lokaci takan yi nawa. Na fara jin haushinta, wallahi. Na taɓa tsayawa a kanta na ce mata tsohon nan ba shi da lokacin wannan yangar.

Ranar wata Talata ce, da safe, na gani. A kan reshen da ya fi kowane muni, wani ɗan tsini kore kamar kan allura. Na ɗauka idona ne. Na je aiki na dawo, ya zama biyu. Ban jira Juma'a ba, na kira. Ɗan ƙanen ya ce yana barci, na ce a tashe shi. Na ji motsin tabarma, na ji numfashinsa.

"Baba, ta yi toho."

Ya ce in maimaita, na maimaita. Sannan ya ce alhamdu lillahi, ya sake cewa. Ya tambayi wane reshe, na kwatanta masa, ya ce ai kullum shi ke fara fitowa, marar kunya. Ya ce in ganye ya cika in tsinki kaɗan in yi miya, na girma yanzu. Ina dariya ina share ido, na ɗauka mun gama. Sai ya kira ni, ba da Injiniya ba.

"Ɗana, ka ji. Ni ma da na sa ta a gwangwani, cewa na yi kafin ta fi ƙarfin gwangwanin na koma gida. Kada ta yi a hannunka shekarun da ta yi a nawa. Ka nemi wanda za ka ba."

Na ce in sha Allahu. Ya rasu da farkon damina, ɗan ƙanen ya turo mini saƙo. An yi masa sutura da rabin haramin biyu.

Na yi miyar, cokali uku, na sha a tsaye a kicin. Tun daga nan sanyi ya zagayo ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na koyi datse saiwa, na canja mata kasko. Ina zuwa Mahjar jefi-jefi, ina duban fuskokin da ke kan bencin mai tuwo, ko zan ga mai iƙama da ƙofar da ke kulluwa, wanda zai iya ganin icce a bushe ya hana shi ruwa. Ban samu ba, ko kuma ban nema da gaske ba, ni kaina ban sani ba. Watan jiya aka kawo takardar sabunta kwantiragi, na sa hannu. Matata ba ta ce komai ba a wannan karon, kuma shirun ya fi maganar ciwo. Shekaranjiya ganyen ƙarshe ya faɗi. Na janyo firijin daga bango, na ɗauko haramina, na ga ya fara komawa ruwan madara.